Wanda ya zayyana allon saukarka, me sunan sana'arsa?

A daminar da ta wuce yayana ya aiko a kira ni gidansa da ke Hausare, nan cikin Garwa, bayan sallar isha'i, wai in zo in yi wa ɗansa faɗa. Yaron ya ci jarrabawar bak, ta kammala sakandare, kuma maimakon ya nemi karatun likita ko na shari'a kamar 'ya'yan mutane, sai ya ce shi zane zai karanta. Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022 tana da cibiyar koyar da zane da fasaha, can ya sa ransa. Na tarar da uban a kan tabarma yana jan carbi da irin saurin da mai fushi ke ja, yaron kuma a tsugune bakin ƙofa, kai a sunkuye.

"Ka ji shashancin da ɗanka ya zo mana da shi," in ji yayana, ko gaisawa ba mu gama ba. "Shekara da shekaru ina biyan kuɗin lekol, ashe mai fentin shago nake reno."

Na ce, "Yaya, a yi haƙuri. Bari in ga abin da yake zanawa tukuna."

Yaron ya shiga ɗaki ya fito da wani tsohon littafin lissafi da ya cike bayan shafukansa da biro. Ga masu wanki a bakin Binuwai sun shanya kaya a kan yashi. Ga dorina ta ɗago kai, kunnuwa kawai da hanci. Ga tsohuwar da ke tuyar ƙosai a bakin layinmu, har yadda take karkatar da fuska don gudun hayaƙi ya kama. Da na zo shafin da ya zana hannun kakarsa, mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, riƙe da maɗaurin goro, sai na rufe littafin, don na gane hannun tun kafin ya faɗa mini na wace ce.

"Baffa, ban sani ba ko suna da kyau," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

Ban ba shi amsa ba a daren. Idona yana kan bango, daidai saman kan yayana, inda allon saukarsa ke rataye fiye da shekara arba'in. Allo ne mai zayyana, ja da rawaya da kore da baƙi, igiyoyi sun sarƙe juna sun zagaye ayoyin farko na Baƙara. Duk gidan nan babu abin da yayana ke ji da shi kamar allon nan. Ya canza gida sau uku, kujeru sun lalace, rediyo ta mutu, allon yana nan. Mutumin da ke zaune ƙarƙashin zane yana tsine wa zane. Amma ƙane ba ya kunyata wansa a gaban ɗa, saboda haka na yi shiru na sha shayina. Abin da na haɗiye a daren shi nake so in amayar a nan.

Mu mutanen arewacin Kamaru, Hausawa da Fulani da Barebari da Kotoko da sauranmu, ba mu rasa masu zane ba, kuma ba yau muka fara ba. Abin da muka hana su shi ne suna. Muna cin moriyar hannunsu, mu rataya a bango, mu sa a ka, mu yafa a kafaɗa, amma ranar da ɗanmu ya ce shi ma wannan hanya zai bi da gaske, har ya yi mata karatu, sai mu ce ya lalace. Kuma tarihin da ya fi nuna mini wautar wannan hali shi ne na wani dattijo mai zane ɗan Sudan, Ibrahim El-Salahi.

Sudan ba nesa take da mu ba, ko da taswira ta ce haka. Kakanninmu ta can suka bi da ƙafa zuwa Makka, su ratsa Chadi ta Abeshe, su faɗa Darfur, wasu su yi shekara bakwai a hanya suna noma suna ɗinki, wasu ma ba su ƙarasa ba, suka zauna. Garin Mai Wurno da ke bakin Nilu har yau Hausa da Fulatanci ake yi a cikinsa, zuriyar waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Don haka idan na ce an haifi Salahi a Umdurman a 1930, a gidan malamin makarantar allo, ba sai na yi wa kowa bayanin irin gidan ba. Mun san ƙamshin tawadar da aka dafa da ƙaro, mun san ƙarar alƙalamin kara a kan allon da bai gama bushewa ba. A nan ya fara riƙe alƙalami, a gaban mahaifinsa, kamar yadda ni da yayana muka fara.

Daga baya ya shiga boko, ya karanci zane a Khartum, aka ba shi tallafin karatu zuwa Landan, makarantar Slade, daga 1954 zuwa 1957. Ya koyi duk abin da Turawa ke koyarwa: yadda ake auna jikin mutum, yadda haske ke faɗuwa a kan tulu, yadda ake sa abu na nesa ya ƙanƙance. Ya dawo gida ƙasarsa ba ta daɗe da samun 'yancin kai ba, ya kama koyarwa, ya shirya nunin zanensa a Khartum da irin kayan da ya koyo. Shi da bakinsa ya sha ba da labarin abin da ya faru: mutane sun zo ranar buɗewa, sun sha lemo, sun tafi, daga nan ba wanda ya sake leƙowa.

Da wani ne, da ya ce mutanensa jahilai ne, ba su waye ba, ya tattara ya koma Landan inda ake tafa masa. Na san masu karatu da yawa a garin nan da suka yanke wa jama'a irin wannan hukunci a kan abin da bai kai wannan ba. Salahi ya ɗora laifin a kansa. Ya tambayi kansa, to su mutanen nan da suka ƙi kallon nawa, me suke kallo? Me suke ratayewa a ɗakunansu? Ya shiga yawo cikin ƙasa yana duba tabarmi da faifai da fatu da ƙore, yana duba rubutun da ke jikin alluna da layu. Sai ya fara sa 'yan rubuce-rubucen Larabci a kusurwar zanensa, ƙanana kamar kan sarki a jikin wasiƙa. Mutane suka ɗan matso. Ya baza haruffan a faɗin zanen duka, suka ƙara matsowa. Daga nan ya fara farfasa haruffan kansu, yana jan wutsiyar wannan, yana buɗe cikin wancan, har siffofin mutane da dabbobi da tsirrai suka riƙa fitowa daga tsakanin layukan. Duk wanda ya taɓa zama yana kallon allonsa don gajiya da hadda, har ya ga nunara ta zama ƙwarya, mim ya zama kan ƙadangare, ya san abin da ake nufi. Bambancin kawai, mu an zabga mana bulala mun dawo hayyacinmu, shi kuwa ya bi abin har ƙarshensa.

Kalolinsa ma ya sauya su. Ya koma ga launin ƙasar da ya taka yana yaro: ja irin na jar ƙasa, ruwan toka, baƙi, fari mai dauɗa, rawaya irin ta yashi. Shi da abokan aikinsa, Ahmad Shibrain da Kamala Ibrahim Ishak, su ne ake kira 'yan makarantar Khartum. Tun a farkon shekarun 1960 aka nuna aikinsa a kulob ɗin Mbari da ke Ibadan, a 1966 ya jagoranci tawagar Sudan zuwa babban bikin fasahar baƙar fata a Dakar, a 1969 kuma yana cikin waɗanda suka je na Aljeriya.

Idan na karanta wannan ɓangare na rayuwarsa, wani tsoho nake tunawa, wanda yake zayyana alluna a unguwarmu muna yara. A zaure yake zama, ƙafa ɗaya a miƙe, allo a kan cinya. Ba shi da abin awo sai zare da ƙusa da wani guntun kara da ya goge don riƙo. Kurtun tawada huɗu a gabansa, kowanne da alƙalaminsa, ba ya yarda na ja ya shiga na kore. Zai fara da ɗigo-ɗigo a gefen allon, yana ƙirgawa a ransa, leɓe na motsi. Sai ya ja layi daga wannan ɗigo zuwa wancan, ya tsallake ɗaya, ya nutse ƙarƙashin wani, ya ɓullo can gaba. Mu yara muna leƙe muna jiran ya ɓata. Ba ya ɓata. Igiyar da ta tashi daga kusurwar dama sai ta zagaye allon kaf ta dawo ta haɗe da wutsiyarta, ba ka ganin mahaɗin. Allo ɗaya yakan ci masa mako. Ladansa goro, da zakara, da ɗan abin da uban yaro ya iya. Ana cewa hannunsa na da kyau, shi ke nan. Da za ka ce masa, "Allah ya gafarta Malam, ai kai mai zane ne," da ya ɗauka zagi ne.

Haka mai ɗinkin babbar riga da ke zana aska takwas da tambari a kan shadda kafin allura ta bi. Haka mai hula, haka baduku a Marwa da ke fere fata yana cusa mata launi, haka Bafulatanar da ke ƙona ƙwarya da ƙarfe mai zafi, haka yarinyar da ke yi wa amarya lalle. A Gawi, kusa da Njamena, matan Kotoko ne ke yi wa bangon gidaje zane da ƙasa mai launi. A Pus ɗakunan Musgum masu kama da ƙwai suna nan da zanen da ke jikinsu, wanda ado ne kuma matakala ce ta hawa gyara. A Bidzar, kan hanyar Garwa zuwa Marwa, akwai zane a kan duwatsu da ya girmi duk wata sarauta da muke taƙama da ita, muna wucewa a mota muna gyangyaɗi.

Na san abin da za a ce, don yayana ya faɗa mini washegari: waɗannan ado ne, ɗana kuwa mutane yake zanawa, ina batun hadisin masu sura? Ni ba malami ba ne, ba zan ba da fatawa ba. Amma abin da muka ji a zauren karatu shi ne, lokacin da wani mai sana'ar sura ya je wurin Abdullahi ɗan Abbas yana kukan cewa da ita yake ci, bai ce masa ya yar da kayan aikinsa ba, cewa ya yi ya riƙa yin itatuwa da abin da ba shi da rai. Kuma malaman Malikiyya, mazhabar da aka rene mu a kai, sun bambanta tsakanin sura mai inuwa, wato gunki cikakke, da wadda take shimfiɗe a kan takarda ko ƙyalle. Magana ce mai faɗi da ta cancanci a zauna da malamai a yi ta da ilimi. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne mu tuna da hadisin ranar da yaro ya ɗauki biro kaɗai, alhali hotonmu yana jikin katin shaida, wayoyinmu cike da hotunan biki, kuma lokacin zaɓe matanmu na ɗaura zane mai fuskar ɗan takara tun daga ƙugu har idon sawu. Salahi dai mutum ne mai salla, kuma ya sha faɗa cewa ba ya fara aiki sai ya yi salla tukuna. Shekaru masu yawa na tsufansa kuwa itace guda ya zauna yana zanawa, wanda Sudaniyawa ke kira haraza. Da na bincika wane itace ne, sai na yi dariya ni kaɗai: gawo ne. Gawon nan namu da ke tsaye a gonakin gero da auduga, wanda ke zubar da ganye da damina lokacin da kowa ke kore, ya yi kore da rani lokacin da kowa ya bushe. Mutum ya je Landan, ya je Amurka, ya tsufa a Ingila, abin da ya rage masa a ido shi ne gawo.

Hujjar yayana ta biyu ta fi ta farko nauyi, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Da me yaron zai ci? Wa ke sayen zane a Garwa? Masu rubuta allon shago ma da yake rainawa, injin buga leda ya kusa gamawa da su. Akwai wanda na sani a bakin babbar kasuwa, shi ya rubuta rabin shagunan layin da hannunsa, kifi da kaza da kan aski iri-iri, yanzu lambar mashin yake rubutawa, wata rana ma haka zai wuni bai buɗe gwangwanin fenti ba. Mai shago ya gwammace ya ba yaro mai kwamfuta sefa dubu biyar a buga masa hoton wata baturiya tana murmushi, rana ta cinye shi cikin wata shida.

Sai dai a duba abin da ya faru a 2013. A shekarar ce babban gidan nunin zane na Tate Modern da ke Landan ya tattara aikin Salahi na tsawon rayuwarsa, fiye da guda ɗari, ya baje shi, karo na farko da gidan ya yi wa wani mai zane ɗan Afirka irin wannan karramawa. Yana da shekara 82 a lokacin. A farkon wannan shekarar kuma aka sace wasu Faransawa 'yan gida ɗaya kusa da Waza, masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa daga yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru, kasuwar masu sana'ar hannu ta Marwa ta yi tsit. Dukawan da suka saba yi wa baƙi jakunkuna da takalma suka wayi gari ba mai taya kayansu. Me ya sa abin ya yi musu muni haka? Saboda tun da daɗewa mun bar wa baƙo aikin ganin ƙimar hannunmu. Alhajin da ya gina bene a Garwa zai sa a kawo masa tayil daga waje, ya rataya hoton Ka'aba na roba mai fitilu da aka buga dubu-dubu a Sin, ba zai taɓa tunanin ya kira mai zayyana ya ba shi bango guda ya biya shi kuɗin kirki ba. Kuɗin saye akwai. A bikin 'yarsa abin da zai liƙa wa maroƙa a dare ɗaya ya isa ya riƙe mai zane wata uku. Ido ne ba mu ba abin ba, kuma ido koyonsa ake yi. Mutanen Khartum ma da farko lemo suka sha suka tafi.

Akwai wani sashe na rayuwar Salahi da nake so masu cewa gwamnati ta zo ta raya al'ada su karanta da kyau. Bai tsaya a zane kaɗai ba, ya shiga aikin hukuma don ya yi wa al'ada hidima daga ciki. Ya yi aiki a ofishin jakadancin Sudan a Landan a ɓangaren al'adu, aka dawo da shi gida zamanin Ja'afar Numairi ya shugabanci sashen al'adu, har ya kai babban jami'i a ma'aikatar al'adu da yaɗa labarai. A watan Satumba na 1975 aka yi yunƙurin juyin mulki, aka ce da hannunsa, aka ɗauke shi aka kai gidan yarin Kobar. Wata shida da kwana takwas ya yi, ba a taɓa kai shi gaban alƙali ba. Gwamnatin da yake yi wa aiki jiya ita ta kulle shi yau.

A cikin kurkukun an hana takarda da alƙalami, wanda aka kama da su sai ɗakin kaɗaici. Ya samu guntun fensir ya ɓoye. Takardar buhun siminti yake yayyagawa ƙanana, ya yi zane a kai, in ya ji motsin gandiroba ya tona yashi ya binne. Da yake ba shi da babbar takarda, sai ya koyi fara zane daga ɗan ƙwaya guda a tsakiya, ya ƙara wani guntu a gefe, ya ƙara wani, hoton yana girma kamar yadda kabewa ke yaɗo. Bayan an sake shi a 1976 wannan dabara ta zame masa hanyar aiki, manyan zanukansa na baƙi da fari da yawa haka aka gina su, gutsure-gutsure. Ko da tsufa ya zo masa da ciwon baya, ya kasa tsayuwa gaban babban allo, a kan kwalayen maganin da yake sha ya koma zane. Ina faɗar wannan ne saboda ɗan yayana da littafin lissafinsa. Mai wannan ciwo ba a raba shi da shi ta hanyar ƙwace takarda.

Amma ga inda labarin ke yi mini ɗaci. Bayan kurkuku ya bar ƙasar, ya yi shekaru a Katar, daga baya ya zauna a Oksfod ta Ingila. Mutumin da ya sha wahalar neman yaren da mutanen Umdurman za su gane, yau in kana son ganin manyan ayyukansa sai ka nemi bizar Landan ko New York ko ƙasashen Larabawa na Gulf. Jikan maƙwabcinsa ba zai gan su ba sai a waya. Ba na ɗora masa laifi, wanda aka ɗaure ba shari'a ba a tambayarsa don me ya tafi. Kuma tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023, aka wawashe babban gidan tarihi na Khartum, jama'a suka kwarara Chadi ta Adare da abin da ke jikinsu, wani zai ce gara ma da zanukan suna waje. Wataƙila haka ne. Sai dai abin kunya ne a ce dukiyar mutum ba ta tsira sai a ɗakin wani.

A nan ne nake ganin ɗan ƙasarmu Barthélémy Toguo ya yi abin da ya fi. An haife shi a 1967, ya yi karatu a Abijan da Faransa da Jamus, ya yi suna a Turai, har UNESCO ta naɗa shi jakadan zaman lafiya ta fuskar fasaha a 2021. In faɗi gaskiya, zanensa bai taɓa kama ni kamar na dattijon Sudan ba, wataƙila don ba daga allo ya taso ba. Amma da ya samu kuɗi bai jira minista ba. Ya je Banjun, a yammacin Kamaru, ya gina gidan fasaha da aljihunsa, da wurin nuni, da ɗakunan da masu zane za su sauka su yi aiki, ya haɗa da gona har da kofi, don gidan ya riƙa ci da kansa. Mutanen kudu sun riga mu a wannan. Duwala tana da cibiyar doual'art tun 1991. Fumban kuwa tun zamanin Sarki Njoya, wanda ya ƙirƙiro wa Bamun rubutunsu, fada take riƙe da masu zane, kuma har yau ana kiran sunan Ibrahim Njoya, Musulmi, mai zanen fadar. An san sunansa. Mu namu fa?

Shi ya sa cibiyar nan ta jami'ar Garwa take da muhimmanci a wurina fiye da yadda mutanen gari suka ɗauke ta, kuma shi ya sa nake jin tsoro a kanta. Tsorona kada yaranmu su shiga su fito da abin da Salahi ya dawo da shi daga Landan a 1957: gwaninta ta gaske wadda ba ta magana da kowa a unguwa. A koya musu awon jiki da haske da inuwa, a koya musu kwamfuta, duk suna da amfani, shi ma bai zubar da abin da ya koyo ba. Amma ina so in ga ranar da za a ɗauko tsoho mai zayyana daga zaurensa, ba shi da takardar shaidar komai, a shimfiɗa masa buzu a gaban ɗalibai, a biya shi kamar yadda ake biyan malami, ya nuna musu yadda igiya ke nutsewa ta ɓullo. A ɗauko baduku daga Marwa, a ɗauko tsohuwa daga Gawi. Waɗannan mutane suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma allunan sauka na yanzu da yawa takarda ce aka buga aka manna. Salahi sai da ya kai Ingila ya dawo ya sha kunya kafin ya gane abin da ya baro a zauren ubansa. Yaranmu ba su da dalilin yin wannan doguwar tafiya, zauren yana bayan gidansu.

Bayan kwana biyu na koma wurin yayana da hantsi, lokacin da na san yaron ba ya nan. Muka taɓa hirar farashin masara da ta ruwan da ya yi gyara a Pitowa. Can na ɗaga kai na ce, "Yaya, wai wa ya yi maka zayyanar allon nan?"

Ya waiga ya dube shi kamar yau ya fara ganinsa. "Malam ne mana, na zauren nan na kusa da rijiya."

"Me sunansa?"

Ya buɗe baki ya rufe. Ya ce bari ya tuna. Ya kira sunaye biyu, ya ce a'a, wancan ladan ne, wancan kuma mai yankan farce. Ya ce Inna ce za ta sani. Muka yi shiru dukanmu, don Inna ta shekara huɗu a ƙasa. Na sauko da allon na juya bayansa ko an rubuta wani abu. Babu komai sai sunan yayana da na mahaifinmu.

Har yau bai ce ya yarda ba, kuma ban matsa masa ba. Maganar karatun tana nan a rataye, uwar yaron tana bi ta ƙarƙashin ƙasa irin tasu ta mata. Abin da ya canza kaɗan ne. Ranar wata Juma'a ya kira yaron ya ce, tunda ya ce shi gwani ne, ya sauke allon ya kwafe zayyanar a takarda ya gani, amma da sharaɗin ya yi alwala kafin ya taɓa, don akwai ayoyi a jiki. Yaron ya ɗauka aikin yamma ɗaya ne. Da na je wancan mako na tarar da shi a tsakar gida da rula da kamfas da takardu yayyage a gefensa, gwaji na huɗu ke nan, igiyar ta ƙi komawa ta haɗe da wutsiyarta.

"Baffa," ya ce, bai ko ɗago ba, "mutumin nan da me ya auna?"

Na ce da zare da ƙusa. Uban yana daga cikin rumfa yana jinmu, ya ce a je ɗakinsa a duba cikin gwangwanin da ke ƙarƙashin gado, akwai ƙusoshi.